Kalmar "Esperar" da Ma'anoninta Uku

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi tsokaci kan wani kuskure da na yi a koyon Sifaniyanci, wanda nake ganin yadda ake koyar da kalmomi ne ya jawo shi.

A farkon karatuna na haddace cewa "esperar" na nufin jira, na ɗauka na gama da ita ke nan. Wata rana malamata ta rubuto mini "Espero que estés bien", sai na tsaya ina tunanin abin da take jira, alhali fatan lafiya take yi mini. Ashe kalmar tana ɗauke da jira da fata da tsammani, abubuwa uku da Hausa ta ba kowannensu sunansa.

Da na bincika, sai na ga ta samo asali daga kalmar Latin "sperare", wadda ke nufin sa rai, kuma wannan shi ne zaren da ya ɗinke ma'anonin. Mai cewa "Espero el tren" yana jiran jirgin ƙasa ne domin ya sa rai zai iso. Misalin da ya fi taɓa zuciyata shi ne na mace mai juna biyu, wadda ake cewa "espera un bebé", domin tana jiran haihuwa, tana tsammaninta, tana kuma fatan sauka lafiya, duk a cikin kalma ɗaya. Daga wannan tushe aka sami "esperanza", wato fata, da "desesperar", wato yanke ƙauna. Sau da yawa ginin jimla ne ke raba gardama, domin "espero a que llegue" na nufin ina jira har ya iso, amma da an cire ƙaramar "a" ɗin nan, sai maganar ta koma ina fata ya iso.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba, tunda baƙon da aka koya wa cewa "ci" na abinci ne kawai zai ruɗe ranar da ya ji an ce wane ya ci jarrabawa ko ya ci amana. Saboda haka nake roƙon malaman harsuna da su daina ba ɗalibai jerin kalmomi kowace da fassara guda, su riƙa kawo irin wannan kalma a cikin jimloli daban-daban tun ranar farko.

Wassalam,
Wani ɗalibin Sifaniyanci