Bidiyon waya ba zai auna dantsen yaro ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na makon jiya kan koyar da iyaye mata 'yan Rohingya, 'yan gudun hijirar Myanmar da ke Bangladesh, yadda za su kula da abinci da lafiyar yara ta intanet ya ɓata min rai. Baƙonku ya yi ta yabon bidiyon da ake turawa ta WhatsApp, mai gabatarwa kuma bai tambaye shi ko sau ɗaya ba, a hannun wa wayar take? A gidaje da yawa a sansanin Kutupalong da ke yankin Cox's Bazar wayar tana aljihun miji, uwa kuwa tana bukka da yaro. Kun kuma manta cewa a Satumbar 2019 gwamnatin Bangladesh ta katse 3G da 4G a sansanonin Cox's Bazar, sai da aka yi kusan shekara kafin a dawo da su.

Ga abin da bidiyo ba zai yi ba. Igiyar awon dantse, mai launin ja, ruwan ɗorawa da kore da ake gane tamowa da ita, sai an riƙe hannun uwa an nuna mata. Ta lanƙwasa hannun yaron na hagu, ta nemo tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ta sake shi ya miƙe, sannan ta zagaya igiyar ba matsi ba sako-sako. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani, a kai shi cibiyar lafiya a ranar. Daga 11.5 zuwa 12.5 ruwan ɗorawa. In ta matse, lafiyayye ya koma ja. In ta sake, mai tamowa ya wuce a kore. Wa zai gyara mata ta waya? Haka kumburi: a danna saman ƙafa biyu da babban yatsa daƙiƙa 3, in rami ya zauna a duka biyun, to ba ƙiba ba ce, alamar tamowa ce.

Ruwan gishiri da sukari ma akwai tarko. Ƙullin da aka saba sayarwa a Bangladesh na rabin lita ne, na UNICEF kuwa na lita ɗaya. Uwar da ba ta karatu ta kalli bidiyon rabin lita, ta zuba babban ƙulli, gishirin ya ninka a cikin yaro mai gudawa. Wannan yana iya kisa, wallahi.

Sannan ku ce mata ta ba ɗan wata 6 ƙwai da kifi sau 2 zuwa 3 a rana, da me? A 2023 Hukumar Abinci ta Duniya ta rage rabon kowane mutum daga dala 12 zuwa 8 a wata. Saƙon murya da harshen Rohingya yana da amfani wajen tunatarwa, kamar kada a zubar da dakashi, kada a ba jariri ruwa kafin wata 6. Amma sai ya biyo bayan mace mai sa kai da ke shiga bukka da igiya a hannu. Ku gayyato irinta ku ji ta bakinta.

Kuma don Allah ku rage kiɗan da kuke sawa ƙarƙashin muryar tafinta, rabin maganar ba ma ji.

Mai sauraronku,
ma'aikaciyar lafiyar yara