Tarihin rediyon Yamai bai cika ba in an bar dogon ƙarfe da ƙasar da ke ƙarƙashinsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Duk ranar 13 ga Fabrairu, ranar rediyo ta duniya, jaridu kan tuna da masu gabatar da shirye-shirye da muryoyinsu. Sun cancanta. Amma ba a cika faɗin yadda muryar ke barin Yamai ta iske makiyayi a ruga ba, shi ya sa muka ɗauki alƙalami.

An buɗe Radio Niger a 1958, kafin ƴancin kai. A 1967 aka kafa hukumar rediyo da talabijin ta ƙasa, ORTN, sannan a 1974, bayan hawan Seyni Kountché, gidan ya koma Muryar Sahel. Shirin da talaka ke magana a ciki kuwa ya girmi wayar salula nesa ba kusa ba. Tun 1962 akwai ƙungiyoyin masu sauraro, radiyo-kulob: a taru da dare gaban akwati guda, a saurara, a yi muhawara, mai jagora (galibi malamin makaranta) ya naɗi maganar jama'a a faifai, a aika Yamai, a mayar wa ƙasa baki ɗaya.

Abin da ya ɗauki wannan magana shi ne matsakaicin zango da gajeren zango. Matsakaicin zangon Yamai ya kasance kan kilohaz 1125, wato tsawon igiyar da ke ɗauke da muryar a iska kusan mita 267. A irin wannan tasha, dogon ƙarfen kansa shi ne eriya, ba wani abu ake ɗorawa bisansa ba kamar na FM. Akan so tsawonsa ya kai rubu'in igiyar, kimanin mita 67 ke nan. Gindinsa na zaune kan tangaran don kada wutar ta zurare ƙasa, wayoyin da ke riƙe da shi ma an yanka su gaɓa-gaɓa da tangaran. Wanda ya taɓa ƙarfen ana cikin watsawa zai ƙone.

Rabin eriyar a binne yake, kuma nan ne mutane ba su sani ba. Daga gindin ƙarfen ake shimfiɗa wayoyin jan ƙarfe kamar haƙarƙarin laima, a ƙa'ida har 120, a binne su ba zurfi. Ƙasa mai danshi, irin ta bakin kogin Kwara, tana tura muryar nesa. Busasshen rairayi shanye ta yake. In garma ta tsinka wayoyin nan, ko ɓarayin jan ƙarfe suka tone su, ko aka yanka filin aka yi gine-gine, injin na nan yana cin wutarsa kamar kullum, amma ƙauyen da ke ji jiya yau ba ya ji. Sai a ɗora wa injin laifi, alhali matsalar tana cikin ƙasa.

Da rana ƙasa kawai igiyar take bi. Rana na faɗuwa, wani rufin iska can sama da ke shanye ta sai ya watse, igiyar ta haura ta dawo ƙasa ɗaruruwan kilomita nesa. Dalilin ke nan tashar da ba a samu da azahar take shigowa tangaram bayan isha'i, wani lokaci tana hawa da sauka, tashoshin maƙwabta na kutsowa. Da damina kowace walƙiya ƙarar take a akwati. Yanzu ga ƙarin masu hayaniya: cajar waya mai arha, ƙwan lantarki na zamani, na'urar juya wutar sola. Mai tsohon akwati ya nisanta shi da su, kuma ya juya akwatin kansa, ba sandar ƙarfen ba, domin eriyar matsakaicin zango wani baƙin sanda ne naɗe da siririyar waya a ciki.

A ɗakin injin kuwa zafi da ƙura ne abokan gaba. Tsofaffin injuna da manyan kwalabe suke aiki, waɗanda ma'aikata ke kira lamp, kuma iska ake hura masu ba tsayawa. Hazon hunturu ya toshe matatar iska, kwalba ta yi zafi ta mutu, sabuwa sai an yi oda daga waje. Ga kuɗin lantarki, ga man gurup, wato janareta, in wuta ta ɗauke.

Wannan tsadar ce ta ba FM hanya. Bayan taron ƙasa na 1991 aka buɗe fage ga tashoshi masu zaman kansu, R&M ta fara a Yamai a 1994, Anfani da Ténéré suka biyo baya. Ƙaramin injin FM ɗaki guda ya ishe shi, muryarsa garau. Sai dai iyakarsa inda eriya ke hange. Tudu ya tare, shi ke nan.

Roƙonmu ga jaridarku: ku tura wakili ya zauna da tsofaffin ma'aikatan injin tun suna raye, ya ɗauki hoton ƙarfen da littattafan da ake rubuta awon injin kowace sa'a, ya kuma tambayi halin da faya-fayen radiyo-kulob suke ciki, domin zafi manne faifai yake, in ya manne kuma ba a kunna shi da gaggawa sai ya ɓare.

Wassalam.

Wasu masu gyaran na'urorin watsa labarai,
Yamai