Zuwa ga 'yan'uwa mazauna waje: rasuwar Baba Alhaji da maganar gidan bakin kasuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mun san labarin rasuwar Baba Alhaji ya riga wannan takarda isa gare ku. Allah Ya jiƙansa, Ya kyauta namu zuwan. Gudummawar da aka aiko daga Jidda, Kumasi da Landan ta shiga hannun iyalai, sun gode.

Sai dai ba ta'aziyya kaɗai ta zaunar da mu ba. Ko arba'in ba a yi ba, maganar gidan ta kai gaban alƙali a Ringim, Inna kuwa tana takaba a cikin gidan da ake jayayya a kansa. Kowa ya san yadda abin yake. Ɗan'uwanmu na Ingila, ɗan marigayi, ya shekara da shekaru yana aiko da kuɗi, aka rushe ginin ƙasa aka tayar da na bulo. Marigayi ya sha faɗa a majalisa cewa gidan nan na wane ne, wasunmu da kunnenmu muka ji. Amma ba a rubuta komai ba, kuma Baba bai taɓa fita daga gidan ba, a ɗakinsa ya cika. Yanzu sauran 'ya'ya sun ce gado ne, shi kuma ya ce kyauta ce.

Ba mu ne alƙalai ba. Mun dai zauna da Malam Liman da ɗan ƙungiyarmu lauya da ke Dutse, domin rabinku kuna da irin wannan gini a gidan iyayenku.

Malam ya buɗe littafin fiƙihu na Risala ya nuna mana: kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka bai wa ya karɓi abin ya shiga hannunsa. Idan mai kyautar ya rasu kafin haka, abin ya koma gado. Gidan da uba yake zaune a ciki ya fi tsanani, sai ya kwashe kayansa ya bar shi, ko da ɗan da ya bai wa yaro ne ƙarami. Idan kuma a ciwon ajali aka yi kyautar, hukuncin wasiyya take ɗauka, magaji kuwa ba a yi masa wasiyya sai sauran magada sun yarda. Malam bai tsaya nan ba, ya tuna mana hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda mahaifinsa ya ba shi kyauta shi kaɗai, Manzon Allah (SAW) ya ƙi zama shaida, ya yi umarni da adalci tsakanin 'ya'ya. 'Ya'ya mata ma 'ya'ya ne, ko da suna gidajen aurensu. Kuɗin da mutum ya zuba a gini magana ce daban, alƙali zai nemi hujja. Wanda ke aikowa ya riƙa ajiye rasit, kuma a faɗa tun farko a gaban shaidu ko taimako ne, ko bashi, ko gini ne na kansa.

Ta ɓangaren hukuma, lauya ya ce Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna. Gidan da ke da takardar shaidar mallaka ta gwamna ba a sauya masa mai shi sai da amincewar gwamna, na karkara irin namu kuwa ƙaramar hukuma ce ke amincewa. Sa hannun mai unguwa da dagaci shaida ce mai ƙarfi, kada a raina ta, amma ba ta isa ita kaɗai ba. A rubuta takardar kyauta, safiyo ya auna iyaka, a biya kuɗin kan sarki a hukumar haraji ta jiha, a yi rajista. A Najeriya babu harajin gado, saboda haka ba tsoron haraji ke hana mu ba, nauyin baki ne da “ai kowa ya sani”. Masu tsofaffin takardun jihar Kano na kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, a fito da su daga akwati kafin gara ta riga mu.

Ku da ke waje kuna da naku lissafin. A Ingila, tun Afrilun 2025, wanda ya zauna shekara 10 cikin 20 da suka wuce, dukiyarsa ta ko'ina cikin duniya tana shiga lissafin harajin gado, kashi 40 cikin ɗari a kan abin da ya haura fam 325,000. Idan ya bai wa ɗansa gida, sai ya ƙara shekara bakwai a duniya kafin gidan ya fita daga lissafi, in kuma ya ci gaba da morar gidan, suna ɗauka nasa ne har yanzu. Kun ga ko Turawa sun san hauzi. A Amurka, wanda iyayensa na nan gida suka ba shi kyautar da ta wuce dala 100,000 sai ya sanar da hukumar haraji a fom mai lamba 3520. Ba biya ake yi ba, amma rashin sanarwa yana jawo tara. Gidan ƙauye da wuya ya kai haka, masu gidaje a cikin Kano muke tunatarwa.

Yanzu ga abin da ya fi ci mana rai. Zauren WhatsApp da muka buɗe don zumunci ya zama filin tonon asiri. An kira wata baiwar Allah mai kwaɗayi don ta nemi haƙƙin da Allah Ya ba ta. An kira wani ɓarawo, mutumin da ya yi shekaru yana aikin dare cikin sanyi don tsohonsa ya kwana ƙarƙashin kwano. Wanda ya tura saƙon muryar nan na ranar Juma'a ya san kansa, kuma ya sani an kunna wa Inna ta ji. Wasu da ba su taka garin nan ba tun rasuwar iyayensu, su ne suka fi kowa sanin wanda ya ci amanar wani. Har an ce shugabanni sun karɓi na goro don su goyi bayan ɓangare ɗaya. Mu da muka haƙa kabarin, muka ɗauki makara, da wannan za a saka mana? Wasu kuma sun riƙe kuɗin wata sai an kori wane daga ƙungiya. Ba za a kori kowa ba. Kakanninmu ɗaya, maƙabartarmu ɗaya, kuma ranar da ɗayanku ya faɗi a ƙasar mutane, waɗannan da kuke zagi su ne za su zauna karɓar gaisuwa.

Daga yau an rufe maganar gidan a zaure. Dagaci da Malam Liman za su nemi sulhu kafin zaman kotu na gaba. Wanda ya sake tayar da ita za a cire shi daga zauren na wata guda.

Sauran bayanai a taƙaice: famfon burtsatse na makarantar allo ya sake lalacewa, an kira mai gyara. Katangar maƙabarta ta tsaya saboda kuɗi. Ma'aji zai fitar da sunayen masu bashi ƙarshen wata. Zama na gaba ranar Lahadi bayan la'asar, agogon gida, kuma lauya zai kasance don amsa tambayoyi. Wanda iyayensa ke raye ya shigo da takardun da yake da su a hannu.

Wassalam.
Shugaba da Sakatare, a madadin kwamiti.