Tsutsar alade ba ta masu cin alade kaɗai ba ce

Ranka ya daɗe Edita, dan Allah a ba ni ɗan fili. Na san wasu da sun ga kalmar alade za su wuce shafin gaba su ce ba ruwansu, to wallahi da ruwansu.

Mu nan kudancin Kaduna kiwon alade sana'a ce babba, kasuwar Katsit kusa da Kafanchan ma har daga kudu ake zuwa da manyan motoci a yi lodi. Tsofaffin dillalai kafin su biya kuɗi sai sun danne alade sun sa masa itace a baki sun jawo harshe sun shafa ƙarƙashinsa, suna neman wasu ƙwayoyi farare kamar shinkafa. Ƴaƴan tsutsa ne. Aladen ya same su ne don an sake shi yana yawo yana cin kashin mutane a bayan gari. Wanda ya ci naman bai dahu sosai ba sai tsutsar ta girma a hanjinsa ta yi mita biyu ko fiye, yana zubar da ƙwai duk inda ya tsuguna.

To ga inda abin ya shafi kowa. Ƙwan nan in ya hau hannu ko ya shiga ruwan sha ko latas da kabejin da aka yi wa ban ruwa da ƙazanta, duk wanda ya haɗiye shi ko bai taɓa ganin alade ba a rayuwarsa ɗan tsutsar da ya ƙyanƙyashe zai iya tafiya har ƙwaƙwalwarsa ya kawo farfaɗiya, mu kuma sai mu ce aljanu ne ko sammu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wuraren da tsutsar ta yi katutu kusan kashi 30 cikin ɗari na farfaɗiya daga ita ne.

Abin haushi akwai magani, oxfendazole na kashe ta a jikin alade, har allurar rigakafi ta aladu an yi. Amma ƙauye nawa likitan dabbobi ke leƙawa? Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom na nan kusa da Jos, gwamnatin jiha ta haɗa kai da ita mana. A tilasta killace aladu a garke, a sa mai duba nama a kowace mayanka, sannan a taimaka wa mutane da masai, tunda Jigawa ta iya daina bahaya a fili tun 2022 mu me ya hana?

Naku,
Wani mai karatu daga Kafanchan