Wasiƙa kan ginin Bang & Olufsen da ke Struer

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali, amin. Ka tambaye ni ginin da ya kamata ka nazarta kafin ka zana ofis mai bangon gilashi. To, ka duba hedikwatar da aka gina wa Bang & Olufsen, masu ƙera rediyo da lasifika, a garin Struer na ƙasar Danmak, inda Peter Bang da Svend Olufsen suka kafa kamfanin a 1925. Jan Søndergaard na ofishin masu zanen gine-gine na KHR ne ya zana ta, aka kammala a 1998.

Tsarin gidan gonar ƙasar aka bi, ɓangarori kewaye da tsakar gida. Ɓangaren arewa dogo ne siriri, an ɗora shi bisa ginshiƙai, fuskarsa gilashi zalla tana kallon ruwan Limfjord. Gilashin nan ke ɗauke hankalin kowa, amma ni abin da nake so ka zura wa ido shi ne yadda iska ke ratsa ginin.

A daidai daben kowane bene an jera siraran tagogi da na'ura ke buɗewa da rufewa. Iska ta shigo ta nan ƙasa-ƙasa, ta bi ta kan bututun ruwan zafi ta ɗumama kafin ta taɓa ƙafar ma'aikaci. Idan ta kwashi zafin jiki da na kwamfutoci sai ta yi sama, ta bi ramin matakala ta fice ta rufi. Lissafin ba wuya: tsayin mita 10 da bambancin zafi na digiri 10 tsakanin ciki da waje suna ba da matsin faskal 4 (ma'aunin matsin iska) ko kusa da haka. Bambancin ya sauko digiri 2, ko faskal 1 ba za ka samu ba, iska ta tsaya cik. Shi ya sa aka sa fanka a saman matakalar, tana karɓar aiki idan jan ya yi rauni. Kai ma ka ware wa kowane mutum kamar lita 10 na iska a daƙiƙa, kada zurfin ɗakin ya wuce tsayinsa sau 5, in ba haka ba tsakiya ba za ta ga iska ba.

Inda ake samun matsala a irin wannan tsari, na farko zugar sanyi. Iska mai ƙarfi daga teku kan turo fiye da abin da bututun zai iya ɗumamawa, wanda ke bakin taga ya ji idon sawunsa na ƙanƙara, ya jingina kwali ya toshe kafar, shi ke nan lissafi ya rushe. Sai daben ƙasa: tunda iska na wucewa ƙarƙashinsa, in ba a lulluɓe shi da abin tare sanyi daga waje ba, musamman inda ginshiƙi ya haɗu da kankare, wurin zai riƙa yin gumi. Akwai kuma amo. Kankare tsirara na riƙe sanyin dare ya saki da rana, amma shi da gilashi suna mayar da murya. Ka rufe kankaren duka da silin, ka yi asarar sanyin, don haka a bango da allunan rataye ake sa abin shanye sauti.

Don Allah kada ka kwafi gilashin ido rufe. Struer tana wajen digiri 56 arewa da ikwaita, rana ba ta dukan fuskar arewa sai da sassafe da yamma lis a watannin zafi. Ka juya wannan bangon yamma, ofishin ya zama tanda. Ka fara zana hanyar rana da ta iska a filinka, ka turo mini tare da zanen yankan ginin, mai nuna cikinsa daga sama zuwa ƙasa, in duba.

A gaida mutanen gida. Wassalam.

Naka amini.