Ga masu son ganin fitilun Kirsimeti na Landan a dare ɗaya

Malam Edita, ka ba ni ɗan fili in shawarci masu zuwa Landan a watan Disamba, domin da yawa kan ɓata daren a cikin cunkoso.

Rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, don haka a yi Magariba a fito da wuri. A sauka a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Bond Street, a bi titin Oxford da ƙafa zuwa mahaɗar Oxford Circus, a karkata dama a shiga titin Regent. Nan abin kallon yake: manyan siffofi masu fukafukai, an yi su da ƙananan ƙwayayen fitila, suna reto a saman titi har Piccadilly Circus. A leƙa Carnaby ta hagu, lungu ne amma adonsa daban.

Daga nan sai dandalin Trafalgar, inda doguwar bishiyar Kirsimeti da birnin Oslo na ƙasar Norway ke aikowa duk shekara tun 1947 take tsaye. Sai farkon Disamba ake kunna ta, wanda ya zo a Nuwamba ba zai same ta a kunne ba. A ƙarasa a unguwar Covent Garden.

Kada a ɗauki tasi, tsayuwa za a sha. A guji yammacin Asabar, don akan tsayar da shiga tashar Oxford Circus in mutane sun yi yawa. Motocin bas ba sa karɓar tsabar kuɗi, sai kati. Sanyi yana shanye cajin waya, kuma masu fizge suna fakon mai ɗaga ta yana hoto a bakin titi.

Naka,
Wani mai karatu daga Landan