Godiya ga garejin da ya gyara birkin Fijo 504 ta mahaifinmu

Assalamu alaikum.

Na rubuto wannan wasiƙa ne domin in gode wa wani dattijon bakanike da yaransa, masu gareji a wajen Ƙofar Ƙaura a nan Katsina, bisa aikin da suka yi wa birkin Fijo 504 da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bari. Motar haɗin Kaduna ce, daga masana'antar da ta fara aiki a 1975, kuma ta yi shekaru a ajiye kafin mu yanke shawarar tayar da ita.

Inji bai ba mu wahala ba, birki ne ya hana mu sakat. Duk inda na kai ta magana ɗaya ce: a ƙara man birki, a cire iska, a biya kuɗi. A wani wurin ma a gabana aka wanke robobin masta, wato famfon da ke tura man birki idan an taka feda, da fetur, kuma ba a je ko'ina ba feda ta koma nutsewa har ƙasa.

Baba, kamar yadda kowa ke kiransa a garejin, bai ɗauki sifana ba sai da ya tambayi tsawon lokacin da motar ta yi ba a hawa. Ya kwance masta, ya haska cikinta da tocila, ya sa na shafa da yatsa har na ji ramukan da tsatsa ta ci. Ya bayyana mini cewa man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana zuƙar danshi daga iska, ruwan ya kwanta ya cinye ƙarfe, shi ya sa sabuwar roba ba ta riƙe mai a kan bango mai ramuka, fetur kuwa kumbura roba yake yi. Abin da ya fi girgiza ni shi ne tiyon birki, wanda daga waje lafiya lau yake, amma da ya yanka shi sai ga cikinsa ya kumbura ya kusa toshewa, wanda hakan ke sa birki ya kama ya ƙi saki. Kalifofin gaba, wato ƙarafan da ke matse faifan birki, ya ce za su gyaru, masta kuma ya ce sai sabuwa, sannan ya damƙa mini tsofaffin kayan a leda ba tare da na nema ba. Baba, Allah ya saka da alheri, ya yi wa zuri'arka albarka.

Abin baƙin ciki shi ne irin wannan riƙon amana ya yi ƙaranci. Robobin jabu sun cika kasuwa, ana barin robar man birki a buɗe tana shan iska kafin a ɗura wa mota, kuma akwai motocin haya a hanyar Daura da ta Jibiya da direba sai ya taka birki sau biyu ko uku kafin ya kama, alhali mota cike take da mutane.

Wassalam,
Wani mazaunin Katsina